Tassa: Yadda Mutanen Adar Suka Koya wa Fako Shan Ruwa

Duk wanda Allah ya nufa da ya ratsa ƙasar Adar a farkon damina, ya baro Ƙwanni ya doshi Tawa, ko ya karkata gabas wajen Keita da Buza, in hadari ya riske shi a bisa tudu, lalle zai ga abin da zai daɗe yana jujjuya shi a zuci. Ruwa zai sauko kamar da bakin ƙwarya, ya cika ido, ya cika kunne, har mutum ya ce bana kam an dace. Amma kafin ya gama matse rigarsa sai ya tarar ruwan nan duka ya tattara ya yi gangare, ja wur saboda ƙasar da ya kwasa, ya faɗa korama, korama ta miƙa shi kwari, kwarin Majiya kuma ya ɗauke shi har tafkin Kalmalo a ƙasar Sakkwato. In ya sunkuya ya tona wurin da yake tsaye, ko tsawon ɗan yatsa ba zai yi ba sai ya iske busasshiyar ƙasa, kamar ba a taɓa yi mata ɗigo ba. Irin wannan ƙasa ita ake kira fako, kuma tarihin da nake nufin bayarwa a nan tarihinta ne, da na mutanen da suka ƙi sallama ta.

Ya kamata tun da fari mu yi ɗan hisabi, domin shi zai sauƙaƙa fahimtar abin da zai biyo baya. Ruwan da Adar ke samu a shekara yana kaiwa wajen milimita 400, ya ɗan ɗara a kudu, ya ɗan gaza a arewa. Milimita guda in ta sauka a kan kadada guda, lita 10,000 ke nan. Ashe ke nan kadada ɗaya ta fakon nan da ake ce wa matacce tana karɓar lita miliyan 4 kowace damina, wato abin da zai cika durom 20,000. Wannan arziki ne da ya isa ya nunar da gero, har ya bar wa itace saura. Saboda haka illar Adar ba ta taƙaita ga ƙarancin ruwan sama ba. Babbar musibar ita ce ruwan ba ya zama. Ɗigon ruwa in ya daki ƙasar da ba ta da ciyawa ko kara, yakan farfasa ta ya mai da ita laka mai laushi, laka ta toshe ƙofofin ƙasa, rana ta fito ta gasa ta, sai fuskarta ta koma kamar daɓen ɗaki. Ruwa na biyu da ya zo, a kan daɓe zai sauka.

Adar tsohuwar ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka, wadda Agabba ɗan Sarkin Agadas ya karɓe daga hannun Kabawa a ƙarshen ƙarni na 17, zuriyarsa kuma suka riƙe sarautar Sarkin Adar, wadda a yau mazauninta Illela. Sai mai karatu ya lura, Illelar Adar nake nufi, ba Illela ta kan iyakar Sakkwato ba. Mutanen wannan ƙasa ba su jira wani ya zo ya gaya musu ruwa na gudu ba. Tun kaka da kakanni suna jera duwatsu a kan hanyarsa, abin da suke kira gandari, suna shimfiɗa karan gero da rassan ƙaya a wurin da ya fara ƙeƙashewa domin su tare ƙurar da iska ke kawowa, kuma wasunsu sukan sassara ƙananan ramuka a gefen gona su jefa iri a ciki. Sai dai a zamanin da mutane ba su da yawa, daji kuma yalwatacce, wanda gonarsa ta gaji ba ya wahalar da kansa: yakan bar ta ta huta shekara da shekaru ya je ya yi sabon sassabe. Don haka dabarun nan suka zauna a matsayin ƙananan hikimomi na tsofaffi, ana yinsu jefi-jefi, ba a ɗauke su ginshiƙin noma ba.

Da zamani ya juya, jama'a ta ƙaru, haraji ya matsa, saura ta ƙare, gatari ya hau tudu neman itacen wuta da na rufin ɗaki, dabbobi suka lashe abin da gatari ya bari. Adar ta san yunwa tun da can, har tsofaffin da sukan ƙidaya shekarunsu daga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Amma farin da ya fara a ƙarshen shekarun 1960 ya tsananta a 1973, da wanda ya biyo shi a 1984, sun zo sun tarar da ƙasa tsirara, ba ta da abin kare kanta. Yunwar 1984 ita ce mutanen Nijar suka laƙaba wa El-Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta yi a shekarar, hanyar da aka saba shigo da abinci da ita ta toshe. Magidanta da samari suka watse cirani, wasu Kano da Legas, wasu Abijan, wasu Libiya, aka bar ƙauyuka da mata da yara da tsofaffi, da rumbuna waɗanda ba a ko damu da rufe bakinsu ba.

Hukuma da masu ba da agaji ba su naɗe hannu ba, kuma adalci ne a faɗi abin da suka yi. A 1975 ƙungiyar CARE tare da ma'aikatan gandun daji na Buza suka fara dasa dogonyaro, wanda wasu ke kira bedi ko darbejiya, sahu bibbiyu a faɗin kwarin Majiya, tsakanin kowane jeri da na gaba mita 100, domin ya karya ƙarfin iskar da ke turbuɗe shuka da rairayi. Kafin ƙarshen shekarun 1980 tsawon jerin nan ya wuce kilomita 400. A 1984 kuma aka buɗe babban aikin Keita da kuɗin gwamnatin Italiya, a ƙarƙashin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka kawo taraktoci da manyan motoci, aka ja kunyoyi a kan tuddai, aka gina madatsai a bakin koramu, aka dasa itatuwa wajen miliyan 18 cikin shekara ashirin. Abin da ba na so ya ɓace daga tarihin Keita shi ne cewa akasarin waɗanda suka ɗauki dutse a ka, suka haƙa ramuka a kan gangaren duwatsu cikin zafin bazara, mata ne, ana biyansu da abinci, domin mazajensu suna can wurin cirani. Aikin nan ya rayar da ƙasa mai yawa, wanda ya ga Keita kafinsa ya gan ta bayansa ba zai yi musu ba. Amma aiki ne mai cin dukiya, wanda talaka ba shi da ikon kwaikwayonsa a gonarsa ranar da tarakta ta tafi.

Wannan aibi an riga an ga irinsa a wata ƙasa. Tsakanin 1962 da 1965, a lardin Yatenga na ƙasar da a lokacin ake kira Haute-Volta, yau Burkina Faso, wani shiri mai suna GERES ya sa katafila ta tayar da kunyoyin ƙasa a kan kadada wajen 120,000, ba tare da an zauna da masu gonakin an ji ta bakinsu ba. Manoma ba su ɗauki kunyoyin nan nasu ba, ba su gyara inda ruwa ya fasa ba, wasu ma da gangan suka huda su domin ruwa ya shigo musu gona, cikin 'yan shekaru aiki ya lalace. Ikon Allah, a wannan lardi na Yatenga ɗin ne kuma magani ya ɓullo.

A ƙauyen Gurga, kusa da Wahiguya, an yi wani manomi Bamoshe mai suna Yakuba Sawadogo, wanda karatun allo kaɗai ya yi, ya taɓa kasuwanci, sa'an nan wajen 1980, lokacin da mutane ke gudu daga ƙauye, shi ya koma ƙauye. Mosawa suna da tsohuwar al'ada ta haƙa ƙananan ramuka a fako, suna ce mata zai. Abin da Yakuba ya yi, in an faɗe shi da baki, bai taka kara ya karya ba: ya faɗaɗa ramin, ya zurfafa shi, ya haƙa shi tun da rani kafin ruwa ya sauka, ya zuba taki a ciki. Mutanen garinsu suka ɗauke shi taɓaɓɓe, domin a wurinsu ba a taɓa ƙasa da rani. Bai kula ba. Ya riƙa jefa irin itace tare da na dawa, har fakon da ya fara da shi ya zama kurmi, kuma tun daga 1984 ya riƙa tara manoma sau biyu a shekara suna musayar iri da dabara. A 2018 aka ba shi lambar girma ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin, ya rasu a watan Disamba na 2023, Allah ya jiƙansa da rahama.

To, a 1988 aka kafa wani aiki na kiyaye ruwa da ƙasa a yankin Illela, da kuɗin asusun raya noma na duniya wanda ake kira IFAD, masu Faransanci kuma FIDA. Abin da aka tsara a takarda shi ne jera duwatsu bisa daidaiton gangare, da haƙa ramuka masu siffar rabin wata. A 1989 sai masu aikin suka yi wani abu wanda a ganina ya fi dukan abin da ke cikin takardarsu albarka: suka ɗebi manoma 13, har da mata a cikinsu, suka kai su Yatenga, suka bar su da 'yan'uwansu manoma. Ba a tara su a aji ba, ba a zana musu komai a allo ba. Sun taka fako irin nasu da ƙafarsu, sun ga dawa tsaye a kansa, sun sa hannu a cikin rami sun ji danshi. Gani ya kori ji. Kuma abin da ya sa zukatansu suka karɓa nan da nan shi ne sun shaida abin, ramin kakanninsu ne wanda suka raina, wani ya girmama shi ya ciyar da shi. Da suka dawo gida, wasunsu ba su jira izini ko kayan aiki ba, suka ɗauki fartanya da diga suka nufi tudu. A wannan shekara abin da aka haƙa bai wuce kadada 4 ba. Suka kira shi tassa, suna mai kama da na tasar da ake zuba tuwo, siffar ramin kuwa ba ta yi nisa da ita ba.

Ga yadda ake yinta. Bayan an gama kaka an kai dami rumbu, tun daga hunturu har bazara, mutum yakan sari fako ya yi rami mai faɗin kamar taƙi ɗaya zuwa biyu, zurfinsa wajen taƙi guda, ya tara ƙasar da ya fitar a gefen gangare kamar ɗan jinjirin wata, domin ruwan da ke gangarowa ya faɗa rami kuma ya rasa ta inda zai fita. Tsakanin rami da rami taki ɗaya ne na ƙafa, kuma ba a jera su saitin juna, sai a saɓa, yadda ruwan da ya kuɓuce wa na sama zai faɗa bakin na ƙasa. Kadada guda takan ɗauki rami 10,000 ko fiye. Iskar hunturu tana wucewa tana zuba musu ƙura da ganye da ɓuntu kyauta. Sa'an nan a kawo taki, cikin tafi ɗaya ko biyu kowane rami, a ɗan yayyafa ƙasa a kai, a jira ruwa.

A nan ne wata halitta da manomi ya saba la'anta take shigowa da nata aikin. Gara, wadda ke cin azara da rumbu da littafin malam, in ta ji ƙanshin taki a rami sai ta biyo ta ƙarƙashin ƙasa, ta huda fakon da diga ke tartsatsi a kansa, ta yi hanyoyi birjik, ta narkar da takin ta gauraya shi da ƙasa. Ran da ruwa ya sauka, ta waɗannan hanyoyi yake bi ya nutse can ƙasa inda rana ba ta isa ta tsotse shi ba, saiwar gero kuma ta bi shi. Tsarki ya tabbata ga wanda bai halicci kome a banza ba. Fa'ida ta biyu ita ce tattali: takin da in an watsa shi a fili ruwan farko zai share shi, a rami yana nan a bakin saiwa, ɗan kaɗan ya wadatar. Ta uku kuwa, kashin awaki da na tumaki cike yake da ƙwayar gawo da bagaruwa da magarya waɗanda suka ratsa cikin dabba suka yi laushi, sai ka ga itace ya tsiro a rami ba wanda ya dasa shi, mai gona ya kewaye shi da lura ya bar shi ya girma. Rabin wata kuma yayan tassa ne: faɗinsa yakan kai mita 4, bakinsa a buɗe yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, wajen 300 a kadada, ya fi dacewa da wurin da ruwa ya fi ƙaranci, da wurin da ake son ciyawa da itace.

Shekarar 1990 ita ta yanke hukunci. An haƙa wajen kadada 70, damina kuma ta zo da gardama, ruwa ya ɗauke a tsakiya, gonaki suka ƙone. Masu wucewa zuwa kasuwar Badagishiri suka riƙa ganin abin da hankali bai saba da shi ba, gonar kirki ta bushe, fakon da ko akuya ba ta tsayawa a kansa yana ɗauke da zangarniya. Daga nan ba a ƙara bukatar mai wa'azi ba. Zuwa 1995 an rayar da kadada wajen 3,800 a yankin Illela, dabarar kuma ta tsallaka garuruwan da ma'aikatan aikin ba su taɓa zuwa ba. Awon da aka yi daga 1991 zuwa 1996 ya nuna kadadar tassa tana ba da kilo 500 da ɗoriya a matsakaici, alhali makwabciyarta da ba a yi wa kome ba tana ba da wajen kilo 125. Wanda ya saba da noman fadama zai ga adadin nan kaɗan ne, amma sai ya tuna daga ƙasar da ba ta ba da ko ƙwaya ɗaya aka same shi, kuma a gidan da ake auna hatsi da tiya, wannan shi ne bambancin wanda zai kwana da iyalinsa da wanda zai ɗauki sanda ya bi hanya.

Sai wani al'amari ya biyo baya wanda malamanmu na fiƙihu ba zai zame musu baƙo ba. Fako ya yi kuɗi. Ƙasar da a da in an ba mutum kyauta zai ce an yi masa ba'a, aka fara saye da sayar da ita, farashinta yana hawa shekara bisa shekara. Samari kuma suka sami sana'ar rani, suna haƙa tassa a biya su, har wasu suka fasa cirani. Babin ihya'ul mawati, wato rayar da matacciyar ƙasa, sananne ne a littattafan Malikiyya, inda aka bayyana cewa mallaka tana tabbata ga wanda ya rayar, aka kuma lissafa ayyukan da ake kira rayarwa, kamar fitar da ruwa, da dasa itace, da kaftu, da fasa duwatsu a daidaita wuri. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe wa mas'alar littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan dalilan da ke sa mutum ya keɓanta da matacciyar ƙasa. Hikimar wannan hukunci ita ce ɗan Adam ba ya zuba guminsa a inda bai tabbata shi zai girba ba. Na gaskata wannan ne sirrin da ya raba tassa da kunyoyin katafila: kunyoyin aikin hukuma ne a gonar mutum, tassa kuwa aikin mutum ne a gonarsa, da fartanyarsa, da takin akuyarsa, ya san kowane rami kamar yadda ya san 'ya'yansa.

Ba zan ɓoye nauyinta ba, domin mai yabon da ba ya faɗin aibi shaidarsa ba ta karɓuwa. Haƙa kadada guda yana cin awa wajen 300 na aikin ƙarfi, a lokacin da rana ta fi zafi, ciki kuma ya fi zama wayam. Taki ba ya isa, wanda ba shi da dabba ko amalanke sai ya saya ko ya ɗauka a ka. A jigawa ba ta yiwuwa, rairayi yakan rufta ya cike ramin. A shekarar da ruwa ya yi yawa kuma takan riƙe shi har shuka ta ruɓe. Bayan shekara biyu ko uku sai an sake yashe ta an ƙara taki. Abin da ya fi damuna shi ne cinikin fakon nan bai yi wa kowa daidai ba: mai hali, wanda zai iya ɗaukar 'yan ƙwadago, shi ya fi saye, mabukaci kuma shi ya fi sayarwa, sau da yawa a shekarar yunwa, da araha. Makiyayi ma yana da hakki a tudun da ya saba bi da garkensa, kuma duk fakon da ya zama gona, wani yanki ne na makiyaya ko burtali ya ragu. Waɗannan mas'aloli ne da ke wuyan sarakuna da alƙalai da hukuma, rami ba zai warware su ba.

Amma akwai wata fa'ida da ba wanda ya yi lissafinta ranar da aka fara, domin a ƙarƙashin ƙasa ta ɓuya. Ruwan da dubban ramuka suka hana gudu, ba dukansa gero ya sha ba. Saura ya ci gaba da nutsawa sannu a hankali, damina bayan damina, har ya isa inda rijiyoyi ke sha. A ƙauyen Batodi na yankin Illela, wanda a 1990 fako ya kewaye shi ta kowace fuska, a 1994 sai an zura guga mita 18 kafin ta taɓa ruwa, wajen gaba goma ke nan. A 2004 da aka sake aunawa, a mita 4 aka same shi, masu binciken kuma suka jingina wannan ga tassa da rabin watan da aka haƙa a tuddan garin. Matan Batodi, waɗanda a da rabin yininsu a bakin rijiya yake ƙarewa, suka kewaye wuri da shinge suka kafa lambuna, suna shuka albasa da kayan miya da rani, suna ban ruwa da igiyar da ba ta kai gaba uku ba.